Ƙayoyi Goma Sha Bakwai

Shekara arba'in babana Eliodoro yana faci
a wata rumfa bayan kasuwar Vicuña.
Baho ɗaya gare shi, ruwan ya yi baƙi.
Yakan nutsa tub ya zuba ido
har kumfa ta tona inda hudar take.
Yakan ce ciwon da bai yi kumfa ba,
ba ciwo ba ne.

Ran da na kawo kekena na hawan dutse,
tayarsa babu tub a ciki,
ya dube shi kamar wanda aka nuna wa gida babu ƙofa.

Na kwance bawul, na girgiza kwalba
har ɗigon da ya kwanta a gindi ya tashi.
Na zuƙa a sirinji,
na ɗura wa taya kamar mai ba jinjiri magani.
Warin ya sa shi kau da kai.
Na yi ta buga famfo, gumi na ɗiga,
sai ɓas! sai kuma ɓas!
Bakin taya ya hau mazauninsa.
Na karkata ta dama, na karkata hagu,
don farin ruwan ya zaga ko'ina.

Ya ce, "Nélida, yanzu roba ma madara take sha?"
Ya koma kan kujerarsa.

Da sassafe na hau tudu.
Gonakin inabi a ƙasa sun koma kamar tsumma kore,
kogin Elqui zare ɗaya.
A nan sama babu abin da ba ya da ƙaya,
ko inuwa in ka zauna sai ta soke ka.
A gangara ta uku na ji shi:
tsss, tsss, tsss,
sau ɗaya a kowane juyi.
Wani sanyi ya fantsamo min a ƙwauri, fari fat.
Hannuna ya kai ga birki
don haka aka koya min: tsaya, juya keke, nemi ciwo.
Ban tsaya ba.
Tsss. Tss.
Shiru.
Sai ƙarar tsakuwa da numfashina.

Wata huɗu ban sake tunawa ba,
har ranar da na girgiza taya ban ji motsin ruwa ba.
Zafin kwarin nan ya shanye shi.
Na ɓare ta a bakin rumfarsa.
Madarar ta bushe ta zama fata,
ta dunƙule wuri guda kamar citta.
Daga ciki kuwa, tsinin ƙayoyi sun leƙo,
kowace da ɗan farin rawaninta na danƙo.

Shi ya karɓa.
Idonsa ya yi rauni, amma yatsa bai manta ba.
Ya bi cikin tayar a hankali yana ƙirga.
Ya kai goma, ya tsaya, ya dube ni, ya ci gaba.
"Sha bakwai. Nawa kika sani?"
Na ce ɗaya.

Ya daɗe bai ce komai ba.
Na dubi hannun nan, tabo kan tabo,
na tuna shekarar da ruwa ya ƙi sauka,
shekarar da uwata Herminia ta kwanta,
kullum akwai burodi a kan tebur,
ban taɓa jin tsss daga gare shi ba.

Na ɗauko zarto zan cire su.
Ya ce, "Bar su. Kowace ita ce murfin raminta."

Ya jawo kwalbar, ya kai ta kusa da ido,
ya girgiza ta yadda ya ga na yi.
"Wata nawa kika ce take yi kafin ta bushe?"
Na ce huɗu, in an yi zafi uku.
Ya ɗauki alli ya rubuta a bango,
ƙarƙashin sunayen masu bashi,
sannan ya miƙo min hannu:
"Kawo sirinjin."